Sati takwas a ajin koyon magana da Turanci: abin da na samu da abin da ya ba ni haushi

Abokai sun dame ni da tambaya tun da suka ji na shiga ajin nan, wai ina ne wurin, nawa ake biya, kuma da gaske yana aiki ko dai irin wuraren nan ne na cin kuɗin ɗalibai. To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta. Sunan wurin ba zan faɗa ba, saboda akwai maganganun da zan yi waɗanda ba za su yi wa masu shi daɗi ba, kuma mutanen kirki ne ba na son a ce ni na ɓata musu kasuwa. Wani bene ne dai a nan Kano, ƙasa shagon fotokofi ne da mai POS, sama kuma ɗakuna biyu da suka mayar aji.

Ni ɗan aji huɗu ne a jami'a, tattalin arziki nake karanta. Turanci a takarda ba ya ba ni tsoro, na ci WAEC da kiredit, na ci JAMB, GST 111 ma, wato darasin Turancin da kowa yake ɗauka a jami'a, B na samu. Amma ranar da muka yi semina a zangon farko wallahi na sha kunyar da har yanzu in na tuna sai in ji gumi. Na haddace bayanina tsaf kamar karatun allo, na tashi na zuba shi ba gargada, sai wani lakcara daga can gefe ya jefo min tambaya ɗaya tak wadda ba ta cikin abin da na haddace. Na san amsar fa, da Hausa ne zan yi masa bayani har la'asar, amma sai kaina ya tsaya yana juya Hausar zuwa Turanci yana duba ko tens ɗin daidai ne, bakina ya bushe, na yi ta "em, em" har mutumin ya ce in je in zauna. 'Yan ajinmu ba su yi dariya ba, da ma sun yi da ya fi min sauƙi.

Da na koma gida na ba Yayata labari sai ta ce, kai matsalarka ba rashin sani ba ne, bakinka ne bai saba ba, shekara nawa kana karanta Turanci amma sau nawa ka taɓa yin faɗa da shi? Na yi shiru don gaskiya ta faɗa. Ku duba fa, a WAEC akwai takarda ta uku da ake kira Test of Orals, wato jarrabawar furuci, amma tambaya 60 ce ta zaɓi, kana zaune shiru kana cike gurbi da fensir, ba wanda zai ji muryarka. JAMB kwamfuta ce kake dannawa. GST kuma ɗakin lakca ne cike maƙil, malami yana can gaba da makirfo kai kana can baya kana kwafa. Ka fito ka hau adaidaita sahu Hausa, hostel Hausa, kasuwa Hausa, har Inyamuran Sabon Gari da Hausa za su yi maka ciniki. To ina bakin zai saba? Ita ce ta biya min kuɗin, naira 25,000 na sati takwas, Asabar da Lahadi daga ƙarfe goma zuwa ɗaya. Allah ya saka wa Yaya da alheri.

Ranar farko na je da sabon littafi da biro biyu, a zatona za a cika allo da nahawu. Malaman biyu ne, wani Malam ɗan nan Kano mai sanyin magana, da wata Madam 'yar Jos wadda tana jin Hausa sarai amma a aji ta ce ta manta da ita. Ko gaisawa ba mu gama ba Madam ta raba mana ƙananan katuna, ta ce kowa ya karanta nasa kar ya nuna wa na kusa da shi. Nawa ya ce jiya na sayi waya a Farm Centre, yau ta ƙi caji, kuɗin kuma na rijistar makaranta ne na taɓa, dole a dawo min da su yau. Aka haɗa ni da wani dogo ɗan injiniyarin shi ne yaron shago, ashe nasa katin ya ce ogansa ya yi tafiya kuma ya gargaɗe shi duk wanda ya mayar wa kuɗi daga albashinsa za a cire. Ni ban san haka ba, gani kawai na yi mutum yana min taurin kai. Da farko muna ta murmushi muna jin kunya, can sai abin ya fara ɓata min rai da gaske, na fara ɗaga murya, shi ma ya ɗaga, na ce zan kira shugaban kasuwa, ya ce in kira ko gwamna ne. Sai da Madam ta buga tebur sannan na ankara ashe kusan minti bakwai na yi ina Turanci ban tsaya na tambayi kaina ko daidai nake ba. Turancin duk a karye yake, amma ya fito.

Wannan shi suke kira simuleshan, ni dai na fi gane shi da kwaikwayon yanayi. Malam ya yi mana bayanin cewa ba dirama ba ce da za a ba ka rubutu ka haddace ka zo ka maimaita, a'a, matsayi ake ba ka da matsala da abin da kake son samu, sauran kuma kai da ƙwaƙwalwarka. Ya ce haka ake koya wa matuƙan jirgin sama a na'ura kafin a damƙa musu jirgin gaske, haka 'yan likitanci suke gwaji da wanda ya yi kamar mara lafiya, haka 'yan lauya suke kafa kotun gwaji a makaranta. Ka faɗi inda faɗuwar ba ta karya ƙafa. Tsarinsu kashi uku ne, a yi bayanin yanayin a ba ku kalmomin da za ku buƙata, sannan a sake ku, sannan a zauna a tattauna abin da ya faru. Lokacin da kuke tsakiyar abin malami ba ya sa baki ko da ka yi kuskuren da zai sa Bature kuka, yana gefe yana rubutawa a littafinsa sai an gama. Gaskiya wannan ɗin shi ne sirrin abin a wurina, don mu abin da ya kashe mu tun firamare shi ne kana buɗe baki a ce "gyara", sai ka rufe ba za ka ƙara ba.

Mun yi na banki, inda aka cire maka kuɗi tiransifa ba ta je ba kuma ma'aikaciyar tana ce maka ka jira kwana bakwai na aiki. Mun yi na asibiti. Mun yi na sansanin NYSC, an tura ka jihar da ba mai jin Hausa kuma sunanka bai fito a jerin ba. Duk sun yi daɗi. Amma wanda ya fi tsaya min a rai na sati na huɗu ne.

An ce wai mu mutanen wani ƙauye ne, wata ƙungiya ta kawo tallafi amma kuɗin aiki ɗaya kawai zai yi: ko rijiyar burtsatse, ko gyaran ajujuwan firamare da iska ta yaye wa kwano, ko kwalbati a hanyar da ruwa yake yankewa duk damina. Aka raba matsayi, akwai mai unguwa, kansila, shugabar mata, hedimasta, ɗan kwangila, wakilin matasa, sai injiniyan ƙungiyar wanda ba ya jin Hausa, shi ya sa dole taron ya zama da Turanci, kun ga dabara. Kowa da sirrinsa a kati. Ni ne hedimasta, katina ya ce in ba a gyara ajin ba za a ɗauke min malamai biyu. Kansila kuma ashe ƙaninsa ne ɗan kwangilar kwalbatin. Akwai wata yarinya 'yar sashen kimiyyar sinadarai, sati uku tana zuwa tana zama a lungu da hijabinta ba wanda ya san kalar muryarta, ita aka ba shugabar mata. Muna ta cacar baki mu maza kowa yana jan ruwa zuwa gonarsa, sai kawai ta ɗaga hannu ta ce tana da tambaya ga kansila. Ta tambaye shi wa yake ɗebo ruwa a gidansa. Ajin ya yi tsit. Daga nan fa ta ɓalle, ta kawo lissafin awa nawa yara mata suke ɓatawa a hanyar rafi da yadda hakan yake hana su zuwa makarantar da ni hedimasta nake kuka a kanta, wato ta ɗauki hujjata ta doke ni da ita. Muryarta tana rawa, tana tsayawa tana neman kalma, wani lokaci ta koma ta sake jimlar daga farko, amma ba wanda ya iya katse ta. Burtsatse ta ci ƙuri'a. Fiye da awa ɗaya muka yi ba wanda ya duba waya.

A tattaunawar bayan nan ne Malam ya faɗi abin da ban taɓa lura da shi ba. Ya ce mu Hausawa muna da kayan aikin musu da babba cikin ladabi, ka ce ranka ya daɗe, ka ce Allah ya gafarta Malam, ka ce ba wai na ƙi ta taka ba ne amma, sai ka shigar da maganarka lafiya lau. To a Turanci ba a ba mu irin waɗannan ba, an ba mu sunaye da aikatau kawai, shi ya sa in muka zo saɓa wa wani ko dai mu yi shiru ko kuma maganar ta fito a tsaye kamar zagi. Ya rubuta mana jimloli kamar goma na yadda ake katse mutum, yadda ake cewa ban yarda ba, yadda ake neman a maimaita tambaya, da yadda ake sayen lokaci kafin ka amsa. Wallahi shafin nan guda ɗaya ya fi min handawut ɗin shekara.

Sati na biyar da na shida intabiyun neman aiki ne da kare furojet. Mutum uku suna zaune a tebur fuska ba annuri, ka ƙwanƙwasa ƙofa ka shigo, ana ɗaukarka a bidiyo da wayarka. Da na kalli nawa a gida sai da na kashe na tashi na zagaya. Tun daga farko har ƙarshe ƙasa nake kallo, hannuna a baya kamar wanda ya je gaishe da surukai. A gida tarbiyya ce, ba ka zuba wa babba ido, amma Madam ta ce masu intabiyu ganin mara gaskiya ko wanda bai san abin da yake faɗa ba za su yi maka. Sai kuma tsohuwar matsalarmu ta p da f, da v da take komawa b. Hausa ba ta raba p da f, shi ya sa fifty take fito mana pipti, people ta zama fiful. Na ɗauka za su sa mu yi ta murɗa harshe sai mun zama 'yan Landan, amma Malam ya ce kar wanda ya wahalar da kansa, Bayarabe da nasa harshen yake yi, ɗan Indiya da nasa, kowa ana fahimtarsa. Inda kawai za mu dage shi ne inda ma'ana take canzawa, kamar pull da full, ko vote da boat. Na ji daɗin wannan sosai, domin akwai wuraren da ake mayar da lafazin Bahaushe abin dariya, nan ba a yi mana haka ba ko sau ɗaya.

Rana ɗaya sun ɗan taɓa mana na IELTS, jarrabawar Turancin da masu son fita waje karatu ko aiki suke rubutawa, ɓangaren magana, wanda yake ɗaukar minti 11 zuwa 14 kuma kashi uku ne, a na biyun a ba ka kati a ba ka minti ɗaya ka shirya sannan ka yi magana har minti biyu kai kaɗai. Minti biyu fa, kamar wasa, sai ka fara za ka san shekara ce. Ɗanɗano ne kawai suka ba mu, mai shirin rubuta jarrabawar da gaske kar ya dogara da nan.

To yanzu bari in zo kan abin da ya ba ni haushi, don yana da yawa.

Lokacin rijista cewa aka yi ba za mu wuce mutum goma sha biyar ba. Sati biyun farko haka ne. Zuwa sati na biyar mun kusa talatin, kullum sai ka ga sabuwar fuska, ɗaki ɗaya fanka biyu. Irin wannan karatun kuma yawa ne yake kashe shi, saboda in rukuni shida suna magana lokaci guda malami ɗaya ba zai ji kowa ba, sai ka gama naka ba wanda ya rubuta kuskurenka. Ga masu baki, a kowane rukuni akwai mutum ɗaya ko biyu waɗanda da ma sun iya, 'yan makarantar kuɗi, su ne za su cinye lokacin, wanda ya zo don ya koya ya koma ɗan kallo. Madam tana ƙoƙarin ba masu shiru manyan matsayi kamar yadda ta yi da shugabar mata, amma da aka yi yawa abin ya fi ƙarfinta.

Sai makara. Ƙarfe goma a takarda, amma sai sha ɗaya saura ake farawa, kuma in lokaci ya ƙure ɓangaren tattaunawar ƙarshe ake yankewa, alhali nan ne ake gyara maka. In ba a yi shi ba ai hira kawai kuka yi kuka tashi, kuskuren da ka shigo da shi da shi za ka fita, ƙila ma ka ƙara da na abokinka. Sau uku ana mana haka.

Akwai kuma wasu katunan da ko ba a faɗa ba ka san daga intanet aka sauke su aka buga ba a ko duba ba. Wai ka shiga shagon kofi a Landan ka zaɓi irin wanda kake so, mu da muka san shayi da madara da burodi wurin mai shayi, sunayen ma ba mu iya karantawa ba balle mu yi ciniki. Wanda ya fi ba mu dariya shi ne wai ka kira mai gidan haya ka yi ƙorafi na'urar ɗumama ɗaki ta lalace sanyi zai kashe ka. A Kano, a watan Afrilu, NEPA sun ɗauke wuta, janareta ba mai, muna fifita da katin da kansa. Ranar ba wanda ya yi abin kirki, saboda in yanayin bai shafe ka ba ba za ka ji zafin da zai sa ka manta da kunya ba, sai ka koma neman jimla mai kyau, shi ke nan an koma gidan jiya. Da mai gidan haya ne ya ƙara kuɗi ko mai ruwa ya ƙi kawowa ai da an ji Turanci.

Tarar Hausa ma ban so ta ba. Duk wanda ya yi Hausa a aji naira 200. Na gane manufar, amma ni tuna min ta yi da firamare lokacin da monita yake rubuta sunan masu banakula a zane su, kamar harshen uwarka laifi ne. Kuma wani lokacin kalma ɗaya ce ta maƙale maka, da za ka tambayi na kusa da Hausa a sakan biyu an wuce wurin, amma tsoron tara sai ya sa ka yi shiru gaba ɗaya. Malam shi ba ya karɓa, kawar da kai yake yi, mai karɓar kuɗi a ƙofa ne ya ɗauki abin da zafi.

A sati na bakwai Madam ta yi tafiya, aka kawo wani ɗan bautar ƙasa ya riƙe mana. Bawan Allah ya iya Turanci ba laifi, amma bai gane tsarin ba sam, kana tsakiyar magana zai tsayar da kai ya gyara, ƙarshe ma ya ɗauki maka ya cika allo da tens, muka koma GST. A nan na tabbatar ba katin ne yake aikin ba, mai riƙe da ajin ne, wanda ya iya yin shiru. Sannan a ranar ƙarshe aka ce satifiket sai an ƙara naira 3,000, abin da ba a faɗa ba tun farko. Takarda ce mai ado wadda ban ga inda za ta yi min amfani ba.

To in je ko kar in je? In kana karanta Turanci kana ganewa, kana iya rubutawa, matsalarka kawai bakin ne yake ƙullewa a gaban mutane, je ka, kuɗinka ba zai tafi a banza ba, amma ka tambaya tun a ƙofa mutum nawa ne a aji kuma wa zai koyar, in za ka iya ma ka roƙi a bar ka ka zauna rana ɗaya kafin ka biya. In kuma tushen ne babu, haɗa jimla ma aiki ne, nan ba wurinka ba ne tukuna, akwai mutum biyu da suka zo a haka suka daina zuwa tun sati na uku kuma ba a mayar musu da ko sisi ba. 'Yan mata kuma ku je da ƙawa, in an zo raba rukuni ya fi sauƙi.

Mu shida daga cikin ajin, har da dogon nan mai shagon waya da shugabar mata, mun ci gaba da haɗuwa ranar Alhamis da yamma a ƙarƙashin wata darbejiya a makaranta, kowane sati mutum ɗaya ne yake rubuto katunan, mu ɗauki murya a waya mu tura a WhatsApp kowa ya saurari nasa. Kyauta, sai dai kuɗin fiya wata. Ba mu da mai gyara mana kamar Malam, wannan shi ne giɓin, shi ya sa wani lokaci mukan tura masa ya saurara in ya samu sarari.

Satin da ya wuce na kare furojet ɗina. Lakcaran nan dai na ranar semina yana cikin masu zama, kuma ya sake jefo tambayar da ban shirya mata ba, kan dalilin da ya sa na zaɓi kasuwa ɗaya kawai na tattara bayanai. Gabana ya faɗi kamar wancan karon, ƙarya ne in ce bai faɗi ba. Na dube shi, na roƙi ya maimaita tambayar, kafin ya gama na samu bakin zaren, na amsa. Na ji kaina na yi kuskuren tens sau biyu, percent ɗina ma da f ta fito, ban tsaya ba. Ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu ya ce na gaba ya shigo. Satifiket ɗin wancan wurin kuma har yau yana hannunsu ban je na karɓa ba.